Kujera Ɗaya Ta Rage

'Yan uwa, yau ba zan ja ku da doguwar gaisuwa ba, domin har yanzu ranar nan ba ta bar raina ba. Wasunku suna cewa tsoron Yayana ya yi mini yawa. To ku gyara zama ku ji inda tsoron ya kai ni.

Ni ce ƙarama a gidanmu, kuma Auta kowa yake kirana, har masu shagon layinmu. Babanmu ya tsufa da ƙarfinsa, amma tun bara wani abu ya fara taɓa masa kai. Da farko makullin gida yake ajiyewa a cikin firji, mu yi ta dariya har shi. Rannan ya fita sayen burodi a bakin titinmu, titin da ya yi furfura a kansa, sai mai shago ne ya riƙo hannunsa ya dawo da shi. Daga ranar dariya ta ƙare. Yaya, babban wanmu, wanda gidan yake hannunsa yanzu, ya tara mu a falo ya kafa doka: kada wanda ya kuskura ya furta kalmar mantuwa a waje.

"Gajiya ce," in ji shi. "Ba za a mayar mini da uba abin nuni a unguwa ba."

Doka ta biyu kuwa a kaina ta sauka, saboda Dogo. Dogo mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne. Ta ɗakin Baba ya zo gyarawa, ya gama aiki ya zauna a bakin tabarma yana sauraron labarin da Baba ya maimaita masa har ban san adadi ba, kuma kowane karo yana dariya kamar yanzu ya fara ji. A nan zuciyata ta tafi, ban ankara ba. Da Yaya ya gane, cewa ya yi, "Duk kuɗin karatun da na kashe miki, ki ƙare a hannun mai hawa tsani?" Shi abokinsa yake so, wani da muke kira Manaja, mai turaren da ke riga shi shigowa gida. Ba wanda ya ce mini dole. Amma a gidanmu in Yaya ya ɗaure fuska Umma ba ta iya cin abinci, in Umma ba ta ci ba ni ba na iya barci. Da Dogo ya samu aiki a babban birni ya koma can, Yaya ya tsaya a kaina har na rufe lambarsa. Na rufe. Gogewa ce dai ban yi ba.

A wannan birnin ne kuma likitan ƙwaƙwalwar da muka daɗe muna bi yake. Mun sha jira kafin a ba mu rana, kuma an gaya mana in ta wuce mu sai dai mu koma ƙarshen layi. Yaya ba zai iya barin aiki ba, Umma ga ciwon gwiwa, don haka ni aka ɗora wa rakiya. Kawu, ƙanin Umma da ke zaune a can, shi zai tare mu a filin jirgi.

"Asibiti na aike ki," Yaya ya ce yana miƙo mini tikiti, idonsa cikin nawa. "Kin gane abin da nake nufi."

Na gane.

Da safen Umma ce ta shirya Baba da kanta. Farar riga mai ɗinki a wuya, hula ruwan toka, takalmin fata da ta goge har yana ɗaukar ido. Ta saka masa waya a aljihun gaba tana ta nanata masa, shi kuwa yana tsokanarta. Ni na zura baƙar abaya mai ƙananan duwatsu a hannu, na yafa mayafi ruwan zuma, na sa takalmi mara tsini saboda na san akwai tafiya. A jakata akwai magungunansa, da babbar ambulan ta hotunan ƙwaƙwalwarsa na asibiti, da cajar waya. Ranar Baba garau ya tashi. Ya dube ni ya ce, "Auta, wannan kwalliya duk ta likita ce?" Umma ta harare shi, ni na sunkuyar da kai. Na ce a raina, alhamdu lillahi, yau da sauƙi.

Abu ɗaya ne ban ɗauka da muhimmanci ba. Jiya da yamma Yaya ya zauna da wayarsa zai tabbatar mana da kujeru. Ta Baba ta shiga, da ya zo kan tawa sai wayar ta yi ta juyi. Ya yi tsaki ya ce, "Ai an biya. A can za su ba ki."

Filin jirgi cike yake maƙil. Na riƙe hannun Baba muka bi layi har muka kai gaban kantar ma'aikatan jirgi. Wata yarinya ce sa'ata a wurin, da ɗan jan ƙyalle a wuya. Ta karɓi katunanmu da murmushi, ta danna kwamfuta, katin shiga jirgi na Baba ya fito. Ta sake dannawa. Ta tsaya. Ta sake dannawa. Murmushin ya fara zamewa daga fuskarta.

"'Yar uwa, akwai 'yar matsala. Jirgin ya cika."

"Ya cika kamar yaya? Ga tikitina."

"Na gani. Tikitinki daidai yake. Kujera ce babu."

Na ɗauka ban ji da kyau ba. "To me na saya in ba kujera ba?"

Ta rage murya. Wai kamfanin yakan sayar da tikiti fiye da yawan kujerun jirgi, saboda kullum akwai waɗanda ba sa zuwa, kada jirgi ya tashi da gurbi. Yawanci ba a ko sani. Yau ne kowa ya zo. Waɗanda suka tabbatar da kujerunsu tun jiya sun shiga, sauran sai jirgin la'asar.

Ashe ba ni kaɗai ba ce. Kafin ka ce kwabo gaban kantar ya zama kasuwa. Wani mai kwat yana dukan kanta da tafin hannu yana cewa zai kai su kotu. Wata mai goyo tana kuka, jaririn yana taya ta. Wata Hajiya mai jiki, da manyan jakunkuna a gabanta, ta riƙe ƙugu ta ce, "Ni fa na yi shekaru ina kasuwanci, ban taɓa sayar wa mutum biyu zane ɗaya ba. Wannan in mu muka yi sunansa sata."

Hayaniyar ta fara damun Baba. Na ji yatsunsa suna matse nawa.

Ogansu ya fito, da rediyon oba-oba a hannu, da irin muryar nan mai santsi ta wanda ya saba kashe wuta. Ya ce a yi haƙuri, za a nemi masu sa kai, duk wanda ya bar kujerarsa za a ba shi tukuici da abinci. Aka yi shela a lasifika, aka maimaita. Ko mutum ɗaya bai motsa ba. Ni da kaina na bi masu kati a hannu ina roƙo, na ajiye kunya a gefe. Wani ya ce shi ma uzuri ne ya fito da shi. Wata ta kawar da kai kamar ba da ita nake ba. Ban ga laifinsu ba, kowa da abin da ya taso shi.

Na kira Yaya.

"To Baba ya samu?"

"Ya samu. Ni ce babu. Yaya, mu haƙura mu bi na la'asar tare."

"Na la'asar? Likitan ƙarfe nawa ya ce? In kun makara wa zai ba mu wata rana, ke? Ki sa shi a jirgi. Tafiyar ba ta da nisa. Zan gaya wa Kawu ya tsaya a bakin ƙofa."

"Yaya, shi kaɗai fa..."

"Ba a cikin jirgi zai zauna ba? Ina zai je, ta taga zai fita? Auta, kada ki ɓata mini rai da safen nan."

Ya kashe.

Oga ya matso kusa da ni. Ya ce kada na damu, suna da tsari, ma'aikaci zai raka shi har kujera, a can kuma wani zai karɓe shi ya miƙa shi hannu da hannu ga wanda ya zo tarbarsa. Sai ya tambaya, "Amma dai Alhaji yana iya kula da kansa ko? Babu wata lalura?"

'Yan uwa, a nan ne. Kalmar tana kan harshena. Na san in na faɗe ta ba za su bar shi ya tafi shi kaɗai ba, mu duka mu rasa jirgin, mu rasa likita, kuma na koma gida na tarar da fuskar Yaya. Na buɗe baki, Baba ya riga ni.

"Lalurar me? Lafiyata ƙalau, yaro. Na hau jirgi tun ba a haife ka ba."

Oga ya yi dariya. Ni kuwa na haɗiye kalmar.

Aka turo keken guragu, Baba ya ce ƙafarsa ba ta karye ba, a mayar. Wani ma'aikaci ya karɓi ƙaramar jakarsa. Na gyara masa hula, na taɓa aljihunsa na ji wayar tana nan, na ce, "Baba, in kun sauka kada ka je ko'ina. Kawu yana bakin ƙofa. Ka ji? Kawu."

"Na ji, uwar iyayi."

Na tsaya a bayan igiya ina kallon farar rigarsa har ta shige cikin mutane. Bai waiwayo ba.

Aka ba mu takardar abinci, aka nuna mana kujerun ƙarfe masu sanyi. Ko takardar ban kalla ba. Idona yana kan allon da ke nuna tashi da saukar jirage. Hajiya mai jakunkuna ta zauna kusa da ni tana fifita da mayafi, tana ba ni labarin yadda kamfanin nan ya taɓa yi mata haka, da yadda ta rantse ba za ta sake hawa ba, sai ga ta. "Sun san ba mu da zaɓi ne," ta ce. Ina gyaɗa kai, ban san me nake gyaɗa wa ba.

Allo ya nuna jirgin ya sauka. Na ba su ɗan lokaci, na kira Baba. A kashe. Na ce ai an sa su kashewa a jirgi, bai tuna ya kunna ba. Na kira Kawu. Tana shiga, ba a ɗauka. Na sake. Na sake.

Wayata ta yi ƙara, na zabura. Saƙo ne daga kamfanin jirgin: *Mun gode da kika zaɓe mu! Yaya kika ji daɗin tafiyarki? Ba mu taurari daga ɗaya zuwa biyar.* Saura kaɗan na maka wayar da ƙasa.

Can sai Kawu ya ɗauka, da hayaniyar kasuwa a bayansa.

"Auta, ya hanya? Ai na ga saƙon Yayanki, an mayar da ku la'asar ko?"

"Kawu, kana ina?"

"Ina cikin gari mana. Na ce bari na yi 'yan uzurina kafin..."

"Kawu, ni kaɗai aka mayar! Baba yana can! Ya sauka!"

Sai na ji salati. Ashe abin da Yaya ya rubuta masa cikin sauri shi ne an samu matsala, Auta sai la'asar. Kawu ya ɗauka mu duka. Ya ce ga shi nan yanzu, amma daga inda yake zuwa filin jirgi sai ya ratsa tsakiyar gari, kuma titi a cunkushe yake.

Ban san lokacin da na isa kanta ba, mayafina yana jan ƙasa. Na nemi Oga, aka ce ya shiga taro. Yarinyar mai jan ƙyalle ta ga fuskata ta bar wanda take sallama, ta ɗauki wayar tebur ta kira can. Ina kallon bakinta. Ta faɗi sunan Baba, ta faɗi lambar kujera, ta saurara. Ta ajiye wayar a hankali.

"Sun ce duk fasinjoji sun fita. Masu keken guragu kaɗai ake tsayawa karɓa. Shi tunda ya ƙi keken, ba a rubuta musu komai a kansa ba."

"Amma Oganku ya ce hannu da hannu!"

"Na ji shi."

"Babana ba ya gane hanya! Yana da ciwon mantuwa! Ko titin gidanmu ba ya ganewa!"

Da ƙarfi na faɗa, kowa ya juyo. Kalmar da aka hana ni furtawa, yau ga ta a tsakiyar filin jirgi, lokacin da ba ta da sauran amfani. Idon yarinyar ya ciko. Ta ce, "Wayyo, da kin faɗa. Wallahi masu tsara abin nan suna can sama a ofis, ba su taɓa ganin fuskar fasinja ba. Mu ake bari da ku." Ta sake ɗaukar waya ta ce a yi shela a can, a sanar da masu tsaro.

Na kira Yaya. Ban gama magana ba ya rufe ni da faɗa. Ya aka yi na bar shi? Ba ni da hankali ne? Me ya hana na rubuta lamba na saka masa a aljihu? Ko kalma ɗaya bai ambata ba a kan wanda ya ce a sa shi a jirgin. Amma a ƙarƙashin faɗan na ji muryarsa tana rawa, abin da ban taɓa ji ba, kuma wannan ya fi faɗan tsorata ni. Ya ce kada na gaya wa Umma. Yana kashewa kiran Umma ya shigo. Na zuba wa hotonta ido har ya katse. Sai saƙo: *Kun sauka lafiya? Ki ba Babanku maganin rana.*

Maganin yana cikin jakata.

Na durƙushe a gefen kantar. Abin da nake gani kawai shi ne Baba a bakin titi, motoci suna wucewa a guje, yana duba fuskoki babu wadda ya sani. Birnin da ko mai lafiya yakan ɓata a ciki. In wani ya ja shi fa? In ya shiga mota ya ce a kai shi gida, wane gida? Sanarwar cigiya da nake gani a waya ina wucewa, dattijo sanye da farar riga, ba ya gane kowa, yau hoton Babana za a sa?

Hajiya ce ta ɗaga ni. Ta kama kafaɗuna ta girgiza. "Ke, kuka ba ya nemo mutum. Ba ki da kowa a garin nan mai ƙafa? Wanda zai ajiye komai ya ruga?"

Ina da shi. Tun ɗazu na san ina da shi.

Na shiga cikin lambobin da aka rufe, na nemo ta Dogo. Na buɗe. Na kira. Ban san ko zai ɗauka ba, mutumin da na yanke ba sallama, ba bayani. Ƙara ɗaya ta yi.

"Auta?"

Sai na fashe da kuka.

"Auta, ki yi numfashi. Me ya faru? Baba ne?"

Na gaya masa a tsinke, rabi magana rabi shessheƙa. Ina jira ya ce yanzu kika tuna da ni. Abin da na ji shi ne ƙarar ƙarfe ya faɗi ƙasa, da takun mutum yana saukowa daga tsani.

"Wace riga ya sa?"

"Fara. Hula ruwan toka."

"Turo mini hotonsa na kwanan nan. Ina kan babur, cunkoso ba zai tsare ni ba. Kada ki kashe waya."

Daga nan rayuwata ta koma cikin allon waya. *Na iso.* Can kuma, *Na duba wurin ɗaukar kaya da masallaci, ba ya nan.* Can kuma, *Na duba banɗaki duka.* Sai wannan ya shigo: *Masu tsaro sun duba kamara. Ya tsaya a bakin ƙofa yana waige-waige, daga baya ya bi wasu mutane ya fita waje. Ya nufi babban titi da ƙafa.*

Na rubuta, *Dogo na shiga uku.*

*Ba ki shiga ba. Tsoho ba ya sauri. Zan bi titin gefe da gefe.*

Ana cikin haka lasifika ta kira jirgin la'asar. Mai jan ƙyalle da kanta ta kawo mini katina, ta matse hannuna. Na shiga jirgi kamar wadda ake turawa. Na zauna kusa da taga, wayar a tafin hannuna, ina roƙon Allah saƙo ɗaya kafin a rufe ƙofa. Babu. Ma'aikaciyar jirgi ta sunkuyo da murmushi ta ce na kashe waya. Na ce don Allah minti ɗaya. Ta dawo. Na rubuta masa *za mu tashi*, na kashe.

Ban taɓa sanin tafiya tana da tsawo ba sai ranar. A sama babu wanda za ka kira, babu inda za ka ruga. Duk addu'ar da Umma ta koya mini na karanta, wasu na karanta su a karkace. Na yi wa Allah alkawura iri-iri. Jirgi ya ɗan girgiza mutane suka yi salati, ni ko a jikina, domin abin da nake tsoro yana ƙasa. Na shirya kalmomin da zan gaya wa Umma in abin ya zama abin da nake gudu, na kasa haɗa ko jimla ɗaya.

Tayar jirgi tana taɓa ƙasa na kunna waya. Ta yi ta neman layi kamar da gangan. Sai saƙonni suka zubo, na Yaya, na Umma, na Kawu. Na tsallake su duka.

*Na same shi. Lafiyarsa ƙalau. Muna bakin ƙofar fita, hannun dama, a kan benci.*

Wani sauti ya fita daga bakina, har na kusa da ni ya tambaya ko lafiya. Ban jira layi ba, ina ba da haƙuri ina ture mutane. Na bi doguwar baranda da gudu, jaka tana dukan ƙuguna.

Daga nesa na hango su. Kawu yana tsaye, gumi ya jiƙe masa riga, waya a hannunsa. Dogo yana zaune da kayan aikinsa masu tabon mai, ƙafarsa ɗaya ba takalmi. Takalmin yana ƙafar Baba, da alama nasa ɗaya ya faɗi a hanya. Farar rigar nan da Umma ta goge ta koma ja da ƙura, hula babu, leɓensa a bushe. Ya riƙe wuyan hannun Dogo da hannu biyu.

Dogo ya ga ni zai miƙe, Baba ya ja shi ya zauna. A zaunen ya yi mini bayani ƙasa-ƙasa. A gefen babban titi ya same shi, nesa da filin jirgi, manyan motoci suna wucewa har iskarsu tana kaɗa masa riga, yana neman tsallakawa. Da ya tare shi, Baba ya ce ya sake shi, sauri yake yi. An tashi daga makaranta, Auta tana can bakin ƙofa tana jiransa, kuma yarinyar akwai tsoro, in ta ga kowa ya watse kuka take yi.

"Sai na ce masa, Baba, an canza ƙofa, ta nan za ta fito, zo mu jira ta tare. Shi ne ya yarda ya biyo ni."

Kawu ya ce ya samu asibiti a waya, likita ya ji abin da ya faru ya ce zai jira mu zuwa yamma. Ya ɗaga wayar hannunsa ya nuna mini: Yaya ne a kan layi, a lasifika, yana jin komai.

Na zube a gaban Baba, na kama gwiwoyinsa. "Baba! Baba, ga ni. Ka yafe mini."

Ya dube ni. Ya daɗe yana dubana, da irin kallon ladabi da yake yi wa baƙi. Na jira ya ce uwar iyayi. Na jira ya ce Auta. Duk mantuwar da yake yi, ya manta hanya, ya manta rana, ya manta ya ci abinci, bai taɓa manta fuskata ba.

Ya ɗan janye gwiwarsa. Ya leƙa bayana, wajen ƙofar da mutane ke fitowa, yana neman wata ƙaramar yarinya mai jakar makaranta. Sannan ya juya wurin Dogo.

"Ɗana, matarka ce wannan?"

Dogo ya sunkuyar da kai. Kawu ya kawar da fuska.

"Ka lallashe ta mana, ka ga ta sha kuka," Baba ya ce, yana bubbuga masa hannu. "Mace mai hankali ce, da gani. Ka riƙe ta da kyau. In mun ɗauki Auta sai mu tafi gida gaba ɗaya. Ni fa ba inda zan je sai da kai."

Hawaye suna zuba a fuskata, ban ko share ba. Sai muryar Yaya ta fito daga wayar Kawu, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya.

"Kawu. Wane ne Baba yake kira ɗana?"

Kawu ya dubi Dogo, ya dubi hannun Baba da ke maƙale da nasa, ya dube ni. Ya miƙo mini wayar.

Na karɓa.